Malamin Iten da Almajiransa

A yammacin ƙasar Kenya akwai wani ɗan gari wai shi Iten, yana bisa tudu, a bakin wani kwari mai zurfi da a ke kira Kerio. Tsayin wurin daga teku ya yi kusan ƙafa 8,000, saboda haka iskarsa ba ta da kauri, baƙo in ya yi ɗan sauri sai ya kama haki. Mutanen wurin Kalenjin ne, manoma da makiyaya, 'ya'yansu kuwa tun suna ƙanana sun saba da doguwar tafiya a ƙasa, ko bin shanu ko zuwa makaranta.

A cikin 1961 waɗansu 'yan mishan na Katolika, mutanen ƙasar Ailan, suka kafa makarantar sakandare ta maza a garin, suka sa mata suna St. Patrick. Tun da wuri makarantar ta yi suna wajen wasanni, gama ɗaya daga cikin yaranta, Mike Boit, shi ya zo na uku a tseren mita 800 a wasannin Olimfik na 1972. Amma sunan da ta yi daga baya ya shafe na farko, sanadinsa kuwa wani malami ne da a ke kira Colm O'Connell.

Shi wannan malami ya zo daga lardin Cork na Ailan a cikin 1976, yana saurayi. Labarin ƙasa aka kawo shi ya koyar, bai kuwa taɓa horar da mai gudu ko ɗaya ba. Ya tarad da wani Baturen Ingila, Peter Foster, yana lura da yara masu guje-guje, sai ya riƙa binsa fili yana taya shi. Ba a daɗe ba wa'adin Foster ya cika, ya koma gida, aikin ya faɗo a kan Colm.

To, da ya ga ba shi da ilmin abin, bai yi girman kai ba. Ya kan tsaya a bakin fili ya zuba ido, ya tambayi yaran abin da su ke ji a jikinsu, ya karanta abin da ya samu na littattafai, har ya gane kan sana'ar. Daga nan ya ɗauki wata hanya wadda bai sake ta ba. Ba ya ɗora wa yaro gudun da ya fi ƙarfin shekarunsa, domin ya san icen da aka matsa wa tun yana ɗanye ba ya yin inuwa. Ba ya kuma raba gudu da karatu. Ya kan so ya san gidan yaro da halinsa kafin ya san saurin ƙafarsa.

Amfanin wannan haƙuri ya bayyana bayan shekara goma. Ibrahim Hussein, wanda ya fita daga makarantar ya tafi jami'a a Amurka, ya ci tseren dogon zango na birnin New York a 1987, watau gudun mil 26 da ɗoriya. A 1988 ya ci na Boston, shi ne mutumin Afirka na farko da ya yi haka, ya kuma sake ci a 1991 da 1992. A cikin 1988 ɗin nan kuma Peter Rono, yana da shekara 21, ya ci lambar zinariya a tseren mita 1,500 a Olimfik na birnin Seoul, ya bar gwanayen Ingila a baya. A 1992 Matthew Birir ya ci tasa a Barcelona, a tseren mita 3,000 mai tsallake shinge da ruwa. Dukansu yaran St. Patrick ne.

Colm ya riƙe shugabancin makarantar daga 1986 zuwa 1993. A tsakanin nan ne, a 1989, ya fara tara yara lokacin hutu yana horar da su, har da na waɗansu makarantu, har da 'yan mata. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani, gama iyaye da yawa ba su ga dalilin da zai sa budurwa ta bar aikin gida ta shiga tsere ba. Daga cikin waɗannan 'yan mata Sally Barsosio ta fito, wadda ta ci tseren mita 10,000 a gasar duniya ta 1997 a birnin Atina. Da ta buɗe ƙofa, mata da yawa suka bi sawunta.

Amma labarin da ya fi nuna tsawon hannun malamin nan shi ne na almajiransa biyu waɗanda ba su yi zamani ɗaya a gabansa ba. Na farko shi ne Wilson Kipketer. Ya gama St. Patrick, ya tafi ƙasar Danmak karatu a 1990, ya zauna can, ya riƙa yin tsere da sunanta. A 1997, a birnin Cologne na Jamus, ya yi gudun mita 800 cikin minti 1 da daƙiƙa 41.11, saurin da ba wanda ya taɓa yi. Shekara 13 ana nema a kai shi, ba a kai ba.

Na biyu shi ne David Rudisha, ɗan kabilar Masai, wanda ubansa Daniel ya ci lambar azurfa a Olimfik na 1968. Yaron ya zo hannun Colm yana gudun mita 400. Malamin ya duba tsawon takunsa da yadda ya ke riƙe numfashi, ya ba shi shawara ya gwada mita 800. A 2006 ya ci gasar matasa ta duniya. A 2010, a birnin Barlin, ya yi gudun cikin minti 1 da daƙiƙa 41.09, ya karɓe kambin daga Kipketer. Watau girma ya fita daga hannun almajiri ya shiga hannun ɗan'uwansa almajiri, bai bar gida ba.

Ran 9 ga Agusta 1912 ba a san Kenya a fagen tsere ba. Shekara ɗari daidai bayan wannan, ran 9 ga Agusta 2012, Rudisha ya shiga tseren ƙarshe na Olimfik a Landan, ya kama gaba tun daga farko, bai bari kowa ya wuce shi ba, ya gama cikin minti 1 da daƙiƙa 40.91. A 2016 ya sake cin zinariya a Rio. Ranar ta Landan malaminsa ba ya wurin, yana can Kenya. Wannan kuwa ya dace da koyarwarsa, domin manufarsa ita ce ya reni yaro har ya iya tsayuwa a fage shi kaɗai, ya yi wa kansa shawara.

Akwai wata al'ada a makarantar, in tsohon ɗalibi ya ci babbar gasa a kan dasa itace da sunansa a harabarta. Da tafiya ta yi tafiya itatuwan suka yi yawa, garin Iten kuma ya zama matattarar masu gudu daga ƙasashe dabam dabam. Yaro sabon shiga ya kan zauna a inuwarsu ya karanta sunayen magabatansa, ya san cewa su ma a filin nan suka fara, a hannun malamin da ya zo koyad da labarin ƙasa.