Doguwar hanyar ɗan Adar zuwa jami'a

Mutumin Adar bai saba jin tsoron hanya ba. Da an gama girbin hatsi, samarin Keita da Barmu da Kalfu sai su ɗaure kaya su tafi biɗa, wasu Abijan, wasu Legas ko Kamaru, daga baya kuma Libiya da Aljeriya. Neman ilimi mai zurfi ma biɗa ce a wurinsu, don shekaru da dama wanda duk ya so shi sai ya bar gida.

Tun kafin zuwan Nasara almajiri kan bi malami har Agadas, Katsina ko Sakkwato, kuma shiga ba ta buƙatar takarda: malam ya yarda da kai, ka zauna. Ƙasar ba baƙuwar manyan malamai ba ce. Malam Jibrila ɗan Umaru, wanda ya karantar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kabarinsa na yankin Madawa.

Da Faransawa suka kafa lakwal sai al'amarin ya juye. Hakimai ne ake sa su kawo yara, iyaye kuwa na ɓoye nasu, don ba su ga abin da yaro zai samo a can ba sai lalacewa. Kaɗan daga cikin waɗanda suka jure ne ke cin jarrabawar zuwa makarantar William Ponty a Senegal, wadda aka tayar daga tsibirin Gore zuwa Sebikotan a 1938. A wannan makarantar Diori Hamani da Boubou Hama suka yi karatu, tun tana Gore. Malaman makaranta da akawu Faransa take nema, ba masana ba, shi ya sa har Nijar ta samu mulkin kai a 1960 ba ta da jami'a ko ɗaya. Mai bak sai ya nufi Dakar, Abijan ko Faransa.

A 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973, kuma a 1992 aka raɗa mata sunan Abdou Moumouni. Ga ɗan Tawa, Yamai na nesa da gida fiye da kilomita 500, amma gwamnati na biyan burs, kuma a zamanin da kuɗin yuraniyom ke shigowa mai digiri ba ya jimawa bai samu ofis ba. Mahamadou Issoufou, haifaffen Dandaji a yankin Illela a 1952, ya yi lissafi a Yamai, ya wuce makarantar injiniyoyin ma'adinai ta Saint-Étienne a Faransa, ya yi aiki a Arlit, ya kai ga shugabancin ƙasa daga 2011 zuwa 2021. Irin wannan labari ne ya sa uban da kakansa ya ɓoye ɗa a rumbu ya koma sayar da rago don ɗansa ya gama lise.

Daɗin bai ɗore ba. Farashin yuraniyom ya faɗi a shekarun 1980, aka tsuke bakin aljihu, burs ya fara jinkiri, ɗaukar ma'aikata ya ragu. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 jami'an tsaro suka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy ta Yamai, uku suka mutu. Shekarun da suka biyo baya sun cika da yajin karatu, har wata shekarar takan wuce babu jarrabawa.

Sai a 2008 karatun jami'a ya taka ƙasar Adar, lokacin da aka buɗe cibiyoyin fasaha na IUT a Tawa, Maraɗi da Damagaram. A 2010 aka mayar da su jami'o'i masu cin gashin kansu, a 2014 kuma Agadas, Difa, Doso da Tilaberi suka samu nasu. Ta Tawa ta ƙarfafa a fannin shari'a, tattalin arziki da gudanarwa, ga fannin ilimin koyarwa da na noma. Yau tana ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin tarihin da ya wallafa littafi kan Adar kafin mulkin mallaka a 1975. Zaɓen ya dace, musamman a garin da babban lisensa ke amsa sunan Agabba, ɗan sarkin Agadas da ya kafa sarautar Adar, makarantar horon malamai kuma sunan Kawsan.

Hanyar shiga yanzu ta takardu ce. Yaro ya ci bak, a siri A ko D galibi, ya haɗa takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa da ta maki, ya miƙa. Daga nan sai jiran hukumar ANAB, ko za a ba shi burs, da neman ɗaki da tikitin abinci a wurin hukumar CROU, waɗanda ba sa isar kowa. Wadda ta fi cin ribar kusancin nan ita ce ɗiya mace. Uban da ba zai taɓa barin ta kwana a Yamai ba yakan yarda ta zauna gidan gwaggonta a Tawa, ta riƙa zuwa aji da safe.

Gardamar amfanin digiri kuwa tana nan a majalisun gari. Mai lasisi yakan yi hidimar ƙasa, ya ƙare a koyarwar kwantiragi da albashi mai jinkiri, alhali ƙanensa da ya bar lakwal tun firamare ya aiko da kuɗin siminti daga Abijan. Masu wannan magana na da hujja. Sai dai suna manta cewa lokacin da aka fara aikin farfaɗo da ƙasar Keita a 1984, da kuɗin Italiya da hannun FAO, mata da mazan yankin ne suka ɗauki duwatsu suka haƙa ramuka, ƙwararrun da suka tsara aikin kuwa da yawansu daga waje aka kawo su. Ɗaliban fannin noma na Tawa yanzu zaizayar ƙasa da tare ruwan sama suke karantawa, kuma wasunsu ƴaƴan ƙauyukan da aka yi wa aikin ne.