Yadda Hikaya Ta Shiga Ajin Midil

Mu da muka tsufa da alli a hannu, muna karantar da Hausa ga yara 'yan shekara goma sha biyu zuwa goma sha biyar, mun san cewa ƙagaggen labari bai shiga aji da sauƙi ba. A shekarar 1933, sa'ad da Rupert East na Hukumar Fassara ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta labari domin gasa, da yawa daga ma'abota ilmi sun ɗauki al'amarin tamkar tatsuniya, hirar tsofaffin mata da jikoki bayan sallar lisha, wadda ba ta kamaci alƙalamin da ya saba da fiƙihu da tauhidi ba. Duk da haka yunƙurin ya haifi littattafai biyar, cikinsu har da Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, Allah ya jiƙansa, wanda a lokacin yake koyarwa a Midil ta Katsina, shi ne kuma aka ɗauko zuwa Zariya a 1936 ya tsara Magana Jari Ce, juzu'i uku, saboda 'yan makaranta.

Sai dai shekara da shekaru karantawa kawai muke sa yara su yi, alhali in aka zo darasin insha'i ba a wuce wasiƙa zuwa ga mahaifi ko bayanin ranar kasuwa, kuma har gobe ina ganin wannan hasara ce babba.

Bayan an raba sakandare gida biyu, aka ba ni ajin ƙaramar, sai na koma ga akun nan mai ba da labari a Magana Jari Ce ina nazarin hikimarsa, domin tsuntsun da aka ɗora wa alhakin tsare ɗan sarki a gida da zance kaɗai, dole ya san abin da zai bayyana da abin da zai jinkirta. Daga nan na soma koyar da labarin bincike, wanda ba baƙo ba ne ga yaron da ya tashi da ka-cici-ka-cici da hikayoyin alƙalai masu basira. Sharaɗi ɗaya na gindaya musu: kada a kama ɓarawo sai da hujja, kuma hujjar a aje ta tun farkon labari a gaban mai karatu, yadda zai gan ta amma ba zai lura ba, gama marubucin da ya fito da mai laifi daga sama ya ci amanar wanda ya ba shi kunne.

Wata yarinya ta taɓa rubuta mini labarin goron biki da ya ɓace a gidan amarya. A layi na uku ta ambaci, kamar ba da nufi ba, cewa wani yaro mai yawan fara'a ya wuni bai yi dariya ba, kuma ba ta bar shi ya buɗe baki an ga jan haƙoransa ba sai a layin ƙarshe. Na karanta wa aji, mutum biyu kacal suka gano shi kafin in kai can.