Kunne ɗaya, sauraro iri uku: tarihin makirfo mai sauya fuska

Kunnen ɗan Adam yana da wata baiwa da ba a cika lura da ita ba. A tsakiyar hayaniyar kasuwa, mutum kan tsinci muryar abokin cinikinsa, ya ƙyale sauran. Makirfo ba shi da wannan hankali; yadda aka ƙera shi, haka zai saurara. Shi ya sa tun farkon zamanin radiyo tambaya guda ta riƙa damun masu ƙera shi: daga wace fuska ya kamata ya ji, kuma wa ke da ikon zaɓa masa?

Hanyoyin ji na asali biyu ne. Idan aka ɗaura tantani a bakin ƙoƙon da bayansa ke rufe, kamar fatar tambari, zai motsa da duk sautin da ya matsa shi, ko ta ina ya ɓullo. Wannan shi ne ji mai siffar da'ira. Idan kuwa tantanin a buɗe yake gaba da baya, kamar asabari a bakin ƙofa, iskar gaba da ta baya za su kaɗa shi, amma wadda ta bi ta gefensa ba ta motsa shi. Wannan shi ne ji mai siffar lamba 8, irin na makirfo RCA 44 da ya fito a Amurka a farkon shekarun 1930, wanda siririn zirin alminiyon ke rataye a cikinsa tsakanin maganaɗisu. In aka haɗa siffofin biyu daidai wa daida, sautin gaba ya ninka, na baya ya soke kansa, sai a sami siffa ta uku mai kama da zuciya, wadda ke fuskantar mai magana ta juya wa sauran ƙeya.

A ƙarshen shekarun 1930 kamfanin Western Electric ya ɗauki wannan lissafi yadda yake: ya zuba makirfo iri biyu cikin gida ɗaya, ya sa maɓallin da ke zaɓar ɗaya daga cikinsu ko ya gauraya su. Ana kiran samfurin 639. Kamfanin RCA kuma ya bi hanyar ƙira, ya sa wani ɗan marfi a bayan zirin, ana buɗe shi ko a rufe da abin murɗa kusa. Da wannan dabara 77-DX na shekarar 1954 ya yi suna a gidajen radiyo da talabijin na Amurka.

Amma dabarar da ta fi daɗewa daga Jamus ta fito. A tsakiyar shekarun 1930, injiniyoyi biyu na hukumar radiyon ƙasar, von Braunmühl da Weber, suka tsara kan makirfo mai tantani biyu, baya da baya kamar fatun kalangu, da faifan ƙarfe mai ƙananan huji a tsakaninsu. Kowane tantani shi kaɗai yana ji da siffar zuciya. In an ba na gaba kaɗai wutar lantarki, zuciya ce. In an ba su duka wuta iri ɗaya, zukatan biyu su haɗu su zama da'ira. In an juya wutar na baya, lamba 8 ta bayyana. Ba abin da ke motsi sai wuta.

Bayan yaƙin duniya na biyu ne wannan tunani ya shiga kasuwa sosai. Georg Neumann, wanda ya kafa kamfaninsa a Berlin a 1928, ya fitar da U 47 a 1949, da ɗan maɓalli mai zaɓi biyu: zuciya ko da'ira. A 1951 sai ga M 49, wanda aka tsara a gidan radiyon arewa maso yammacin Jamus. Sabon abin da ya kawo shi ne an ɗauke maɓallin daga jikin makirfo, aka mai da shi kan akwatin da ke ba shi wuta. Ma'aikaci na iya rataye makirfo can sama da makaɗa, ya zauna nesa yana murɗawa sannu a hankali daga da'ira zuwa lamba 8, kunnensa na gaya masa inda zai tsaya. A 1953 kamfanin AKG na ƙasar Ostiriya ya biyo baya da C 12 mai siffofi 9, sannan U 87 na 1967 ya tsaida ukun nan a matsayin ma'auni.

Kowane allazi da nasa amanu. Da'irar da tantani biyu ke bayarwa ba ta kai tsarkin ta makirfo mai rufaffen baya ba, musamman ga siraran sautuka masu zuwa ta gefe. Don haka kamfanin Schoeps, shi ma na Jamus, ya zaɓi tantani ɗaya da kafofin da ake toshewa ko buɗewa da hannu.

Abin da wannan tarihi ya sauya ya wuce fasaha. Ya ɗauke hukunci daga masana'anta ya damƙa shi ga mai ɗaukar murya, tare da nauyinsa. A gaban mawaƙi da jama'arsa, siffar zuciya za ta fito da muryarsa fes, ta dushe ƴan amshin da ke bayanta. Da'ira za ta kwaso amshi da guɗa da amsa-kuwwar zaure, har da kukan jaki a waje. Lamba 8 kuwa ta dace da dattawa biyu masu fuskantar juna suna tuna wa juna tarihi. Ƙungiyar da ke tattara adabin baka tana yanke irin wannan hukunci duk ranar da ta kunna na'ura, ko ta sani ko ba ta sani ba. Dattijon da aka ɗauka ba lallai ne a sake samunsa baɗi ba, kuma muryar da makirfo ya ba wa baya a ranar, ba ta cikin abin da jikoki za su gada.