Jimla Ɗaya ta 1791 da Bindigogi Miliyan 393: Nazari Kan Muhawarar Mallakar Makami a Amurka

Duk gardamar da Amurkawa ke yi kan bindiga ta rataya ne a kan jimla ɗaya tak cikin kundin tsarin mulkinsu, wato Gyara na Biyu, wanda aka tabbatar ranar 15 ga Disamba, 1791. Jimlar gida biyu ce. Farkonta na cewa rundunar sa-kai mai kyakkyawan tsari wajibi ce ga tsaron ƙasa mai 'yanci, ƙarshenta kuma na cewa kada a tauye wa jama'a haƙƙin mallakar makami da ɗaukarsa. Masu son a taƙaita bindiga sun riƙe farkon, masu kare ta sun riƙe ƙarshen, kowa na karanta nasa rabin da ƙarfi. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, haƙƙin da iyakarsa tare aka haife su, kuma ma'aunin da Kotun Ƙolin ƙasar ta ɗauka tun 2022 ya ɗaure hannun masu rai da dokokin mutanen da ba su taɓa ganin makaman yau ba.

Sai an koma zamanin kafin a gane jimlar. Waɗanda suka tsara ta, James Madison a kan gaba, ba su daɗe da fitowa daga yaƙi da sojojin Sarkin Ingila ba, kuma babban abin da suke tsoro shi ne rundunar soja ta dindindin a hannun gwamnatin tarayya. Maganin da suka hango shi ne kowace jiha ta riƙe mayaƙanta daga cikin talakawa, manoma da masu sana'a, waɗanda za a kira idan ta ɓaci. Dokar 1792 ta wajabta wa kowane Bature namiji mai ƙoshin lafiya, daga shekara 18 zuwa 45, ya tanadi bindiga da harsashi da kuɗin aljihunsa, ya kuma fito da su ranar fareti a duba. Ke nan hukuma ta san wanda ke da makami da wanda bai da shi. Bindigar kanta ta ɗuri ce, 'yar'uwar adakar maharbanmu: a zuba albarushi ta baki, a tura dalma, a danna da sanda, a harba sau ɗaya, a sake daga farko. Gwanin soja ne ke samun harbi uku a minti guda. Birane na da dokokin ajiye albarushi, a 1783 ma an haramta ajiye bindiga a ɗure cikin gidajen Boston. Hatta garuruwan makiyayan yamma, irin su Dodge City da Tombstone, da finafinan kaboyi suka sa muka ɗauka kowa na yawo da fistol a ƙugu, suna da dokar da ta hana yawo da makami cikin gari. Shahararriyar musayar wutar nan ta O.K. Corral da ke Tombstone a 1881 ta ɓarke ne lokacin da jami'an tsaro suka je tilasta wannan doka.

Haka kotuna suka fahimci lamarin na tsawon zamani. A shari'ar Miller ta 1939, Kotun Ƙoli ta ce ba a nuna mata alaƙar bindigar farauta da aka yanke wa baki da aikin rundunar sa-kai ba, don haka Gyara na Biyu bai kare ta ba. Ita kanta ƙungiyar masu bindiga ta NRA, tsofaffin hafsoshin yaƙin basasa ne suka kafa ta a 1871 don koyar da saiti, ganin yadda sojojinsu suka yi ta ɓarnar harsashi. Sai a taronta na Cincinnati a 1977 masu tsattsauran ra'ayi ƙarƙashin Harlon Carter suka ƙwace shugabanci, suka mai da ita makamin siyasa. Warren Burger, tsohon Babban Jojin ƙasar, mai ra'ayin mazan jiya da Shugaba Nixon ya naɗa, ya kira sabuwar fassarar tasu damfara a wata hirar talabijin a 1991. Amma adalci ya wajabta a faɗi cewa fassarar ba farfaganda zalla ba ce. Masana shari'a da ba ruwansu da NRA, irin su Sanford Levinson, sun yi rubutu cewa kalmar jama'a a nan tana nufin ɗaiɗaikun mutane, kamar yadda take nufi a sauran gyare-gyaren. A 2008, a shari'ar Heller, alƙalai biyar cikin tara suka amince da haka: mutum na da haƙƙin ajiye ƙaramar bindiga a gidansa don kare kai, ko yana cikin runduna ko ba ya ciki. Mai Shari'a Antonin Scalia da ya rubuta hukuncin ya ƙara da cewa haƙƙin na da iyaka, ana iya hana tsofaffin masu manyan laifuka da masu taɓin hankali, ana kuma iya hana shiga da makami makarantu da gine-ginen gwamnati.

Da an tsaya nan, da sauƙi. A watan Yunin 2022, a shari'ar Bruen, kotun ta soke wata dokar jihar New York mai shekara sama da ɗari, wadda ke neman mutum ya nuna ƙwaƙƙwaran dalili kafin a ba shi lasisin yawo da bindiga. Abin da ya fi sokewar nauyi shi ne ma'aunin da Mai Shari'a Clarence Thomas ya kafa. Daga ranar, alƙali ba zai auna rayukan da doka ke cetowa da nauyin da ta ɗora wa mai bindiga ba. Aikinsa shi ne ya binciko ko akwai makamanciyarta a tarihin ƙasar. Nan da nan aka ga inda wannan hanya ke kaiwa. Wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke dokar da ke karɓe bindiga daga hannun wanda kotu ta umarta ya nisanci matarsa ko abokiyar zamansa saboda duka da barazana, bisa hujjar cewa magabata ba su da irinta. To ina za su same ta, a zamanin da mace ba ta da ƙuri'a a kusan dukkan jihohi, dukan mata kuma ake ɗaukarsa sha'anin cikin gida? A 2024, a shari'ar Rahimi, alƙalai takwas na Kotun Ƙoli suka maido da dokar, Thomas kaɗai ya ƙi. Sun ce ba tagwaye ake nema a tarihi ba, kama ta wadatar. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, domin har yanzu alƙalin da bai karanci tarihi ba shi ke yanke hukuncin abin da ya yi kama da abin da bai yi ba.

Masu kare bindiga suna da hujja guda da ba a ture ta cikin sauƙi, kuma kuskure ne a raina ta. Hujjar ita ce: idan hukuma ba ta zo ba fa? Baƙaƙen fatar Amurka sun fi kowa sanin nauyin wannan tambaya. A 1892, lokacin da ake rataye baƙaƙe a kudanci hukuma na kallo, 'yar jarida Ida B. Wells ta shawarci kowane gidan baƙar fata ya ajiye bindiga. Martin Luther King da kansa ya nemi lasisin riƙe bindiga a 1956 bayan an jefa wa gidansa bam a Montgomery, aka hana shi. Da 'yan ƙungiyar baƙaƙen fata ta Black Panther suka fara sintiri da makamai suna sa wa 'yan sanda ido, jihar California ta yi sauri ta haramta yawo da bindiga a ɗure a 1967, Gwamna Ronald Reagan ya sa hannu. Dokar taƙaita bindiga ta sha zama dokar taƙaita wasu mutane. A 2005 kuma, a shari'ar Castle Rock, Kotun Ƙoli ta ce matar da mijinta ya sace 'ya'yansu mata uku ya kashe, bayan ta yi ta kiran 'yan sanda da takardar kotu mai hana shi kusantarsu a hannunta, ba ta da haƙƙin tsarin mulki na a tilasta wannan takarda. A Uvalde ta Texas, a Mayun 2022, jami'an tsaro 376 suka taru a makarantar firamare, suka shafe minti 77 kafin su kutsa ajin da wani ɗan bindiga ke ciki. Yara 19 da malamai biyu suka rasu.

Mai karatu a Arewa ba ya buƙatar a fassara masa wannan tambaya. A ƙarshen Yunin 2022, kwanaki kaɗan bayan hukuncin Bruen, gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta nemi jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga don kare kansu daga 'yan bindiga, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta bar lasisi a hannun shugaban ƙasa da 'yan sanda. Ba wanda zai ga laifin manomin da aka kore shi daga gonarsa idan ya nemi abin kare kai. Amma yankin ya riga ya ɗanɗani abin da ke biyo baya: 'yan sa-kai da suka tashi don kare ƙauyuka sun riƙa kashe waɗanda suke zargi ba tare da shari'a ba, ramuwar gayya ta biyo, wutar ta ƙara ruruwa. An gudu ba a tsira ba.

A Amurka kuwa alƙaluma ne ke ba da amsa, kuma amsar na da ɗaci. Cibiyar Small Arms Survey ta ƙiyasta bindigogi miliyan 393 a hannun fararen hula a 2017, kusan 120 ga kowane mutum 100, babu ƙasar da ta kama ƙafarta. A 2021, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ƙirga mutum 48,830 da bindiga ta kashe. Daga ciki 20,958 kashe su aka yi, 26,328 kuma su suka kashe kansu. Wato fiye da rabin waɗanda bindiga ta hallaka, hannunsu ne ke kan kunamar. Wannan ne ɓangaren da muhawarar ta fi tsallakewa, domin ba ya zuwa da kyamarori kamar harbin makaranta, a ɗaki yake faruwa, sau da yawa ga dattijo a karkara. Ƙuncin da ke kai mutum ga wannan yanke shawara galibi mai wucewa ne, kuma mafi yawan waɗanda suka tsira ba sa mutuwa ta wannan hanya daga baya. Bindiga ce ba ta ba da damar tsira: kusan tara cikin goma na waɗanda suka yi yunƙuri da ita suna mutuwa. Da rundunar sojan Isra'ila ta hana sojoji tafiya gida da makamansu a hutun ƙarshen mako a 2006, kashe kai a tsakaninsu ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Binciken Arthur Kellermann na 1993 ya nuna gidan da ke da bindiga ya fi fuskantar haɗarin kisan kai a cikinsa, galibi daga na gida. Martanin majalisar Amurka a 1996 shi ne ta zaftare wa CDC dala miliyan 2.6, daidai abin da ta kashe kan binciken bindiga, bincike ya yi sanyi sama da shekara ashirin.

Ana yawan kawo misalin Ostareliya, inda bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996 Firaminista John Howard ya saye kimanin bindigogi 650,000 daga hannun jama'a aka lalata. Amurka ba za ta iya kwaikwayon wannan ba, tsarin mulki da yawan makaman sun rufe ƙofar. Abin da ya rage mata ƙananan matakai ne masu ceton rai: jinkirin 'yan kwanaki tsakanin saye da karɓa, kulle bindiga inda yaro ba zai kai ba, karɓe ta na ɗan lokaci daga wanda ke barazana ga kansa ko wani, da binciken tarihin kowane mai saye, domin dokar tarayya dillalai masu lasisi kaɗai ta ɗora wa wannan. Babu ɗaya cikinsu da ya hana manomi ko matar da ke tsoron tsohon mijinta ajiye makami. Duk da haka, bayan kisan yara 20 da manya shida a makarantar Sandy Hook a 2012, ƙudurin faɗaɗa binciken ya samu ƙuri'a 54 a Majalisar Dattawa, alhali 60 ake buƙata.

Yanzu ko majalisa ta yi nata, akwai kotu a gaba. Matashin da ya yi kisan Uvalde ya sayi manyan bindigoginsa bisa doka kwanaki kaɗan bayan ya cika shekara 18, domin ƙaramar bindiga kaɗai dokar tarayya ta hana dillalai sayar wa wanda bai kai 21 ba. A Janairun 2025, kotun ɗaukaka ƙarar nan da ta soke dokar masu dukan mata ta ce wannan hanin ma ya saɓa wa tsarin mulki, kuma cikin hujjojinta har da cewa a 1792 'yan shekara 18 na cikin rundunar sa-kai.