Gyaran tunkuɗar-kai

gyaran tunkuɗar-kai, suna, namiji. Jam'i: gyare-gyaren tunkuɗar-kai. A kimiyyar sinadarai ta kwamfuta, hanya ce ta cire wani kuskure da ke cikin nazariyyar cunkoson elektiron, wadda aka fi sani da DFT, wato nazariyyar da Hohenberg, Kohn da Sham suka aza harsashinta a 1964 da 1965 domin lissafa makamashin molekul daga yadda elektiron suke bazuwa a cikinsa. Kuskuren yana tasowa ne saboda lissafin yana ɗaukar kowane elektiron kamar yana tunkuɗa kansa, abin da ba ya yiwuwa, kuma ƙiyasin da aka saba amfani da shi ba ya soke wannan ƙari gaba ɗaya, ko da a atam ɗin haidurojin mai elektiron ɗaya tak. Saboda haka elektiron yakan bazu fiye da kima, shingen makamashin da sinadarai ke tsallakewa kafin su sauya kuwa ya fito ƙasa da gaskiyarsa.

A 1981 Perdew da Zunger suka gabatar da gyaran da ke cire tunkuɗar daga kowane falakin elektiron, wato yankin da yake zagayawa, ɗaya bayan ɗaya, sai dai gyaran yakan wuce gona da iri har ya gajarta tazarar da ke tsakanin atam biyu da ke haɗe. Daga cikin hanyoyin inganta shi akwai rage ƙarfinsa zuwa rabi, da amfani da falakan Fermi da Löwdin, wanda Pederson, Ruzsinszky da Perdew suka gabatar a 2014.