Gine-ginen gargajiya na Asante a kewayen Kumasi

Waɗannan ɗakunan bauta ne guda goma a ƙauyukan kewayen Kumasi, irin su Besease. UNESCO ta sanya su cikin kayan tarihin duniya a 1980. Su ne ragowar salon ginin Kumasi kafin sojojin Ingila su ƙone garin a 1874.

Galibi ɗakuna huɗu ne kewaye da tsakar gida, tsarin da ba baƙo ba ne ga mazauna Akwatialine. Ana kafa itace da gora, a yaɓe da laka. Ƙasan bango ja ne, samansa fari, da zanen tsuntsaye da dabbobi. Asalin rufinsu jinka ce mai tsini.

Gara da damina na cin su, ga masu iya gyaransu suna ƙaranci.