Burma Boy

Burma Boy littafin ƙagaggen labari ne na Turanci wanda marubuci ɗan Najeriya Biyi Bandele ya rubuta. Kamfanin Jonathan Cape na Landan ya wallafa shi a shekarar 2007, daga baya aka fitar da shi a Amurka da sunan The King's Rifle. Littafin yana magana ne a kan sojojin Najeriya da suka yi wa Birtaniya yaƙi da Japan a ƙasar Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Marubucin

An haifi Bandele a Kafanchan a 1967, ya rasu a Legas a 2022. Mahaifinsa na cikin sojojin da suka je Bama, kuma labaran wannan yaƙi da ya taso yana ji a gida su ne tushen littafin.

Tarihin da aka gina labarin a kai

A 1944, Birtaniya ta tura wata runduna ta musamman mai suna Chindits, ƙarƙashin Janar Orde Wingate, ta shiga bayan dagar Japanawa don ta datse musu hanyoyin sufuri. A cikinta akwai birged guda ta 'yan Najeriya da ake kira Thunder. Hausa ce harshen da sojojin Najeriya ke amfani da shi a bariki a lokacin, ko da kuwa ba Hausawa ba ne.

Labarin a taƙaice

Littafin ya buɗe da Wingate a Alƙahira, inda ya yi yunƙurin kashe kansa, sannan ya koma kan Ali Banana, yaro ɗan shekara 14, almajirin maƙeri, wanda ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi soja. Ali ya sami kansa a hannun Samanja Damisa, tsohon soja da ya zame masa uba. An kai su White City, sansanin da Japanawa ke kai wa hari dare bayan dare. A ƙarshe kwanton ɓauna ya cinye abokansa, ya rage shi kaɗai a daji.

Jigo da salo

Babban jigon littafin shi ne yadda yaƙi ke ƙwace wa yaro ƙuruciyarsa. Ali ya shiga soja yana ɗokin yi wa Sarkin Ingila yaƙi, sarkin da bai taɓa gani ba, a ƙasar da ba ta tsare masa komai ba. Bandele bai yi wa mai karatu wa'azi kan mulkin mallaka ba; rashin sanin Ali kansa ya isa ya nuna abin da aka yi wa irinsa.

Barkwanci shi ne makamin marubucin. Sojojin suna zolayar juna, suna gardama da cika baki, alhali gawawwaki na ruɓewa a bakin wayar sansani. Raha ita ce garkuwarsu daga tsoro, kuma tana raguwa yayin da mutuwa ke matsowa. Buɗewa da ciwon Wingate ma na da manufa: taɓin hankali bai bar janar ba, balle farabiti.

Ta fuskar harshe, an cusa kalmomin bariki na Hausa cikin Turancin, irin su samanja da farabiti, har mai karatu ya riƙa jin yaƙin daga bakin ƙananan sojoji maimakon hafsoshin Turawa. Wannan ne ya ba littafin matsayinsa, domin yawancin littattafan yaƙin Bama ba su ba sojan Afirka muryar kansa ba.